Sammani, Mahaucin da Ya Yi Ɗan Doka

Ni baduku ne, kuma shekara goma sha biyu rumfata tana kallon ta Sammani a kasuwar Batsari. Wurinshi nake samun fata. Dogo ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, amma hannunshi na dama ya lanƙwashe daga gwiwa kamar ƙotar fartanya, don haka da hagu yake sarar ƙashi. Ba ya yawan magana. Shekara takwas muna gaisawa ban san abin da ya karya hannun ba, sai da ya kwanta jinya ya ba ni labarin da bakinshi. Abin da bai faɗa ba na ji shi wajen mutanen Runka masu kawo mani fatun awaki.

A Wagini aka haife shi, gidan mahauta. Kamar sauran 'ya'yan mahauta, da dambe ya tashi. Da kaka ta yi sai a naɗe mashi hannu da igiya ya shiga garuruwa. A wani dambe da aka yi nan Batsari ya kai mutum uku ƙasa da yamma guda, ashe wani bafaden hakimi yana cikin 'yan kallo. Lokacin ana neman ƙarti da za a ɗauka aikin ɗan doka, wato 'yan sandan da ke ƙarƙashin sarauta a zamanin Turawa. Bayan kwana biyu aka aiko kiranshi.

Ubanshi, Mani, bai so ba. Ya ce mashi, "Mu dabba muke sa wa wuƙa, ita ma sai mun ambaci Allah. Wannan aikin da za ka, mutane za a ba ka."

Sammani bai ji ba. Ya ce mani abin da ya ja shi shi ne rainin da ake wa mahauci. Ka shiga taro a bar maka bakin tabarma, ka nemi aure a wani gida a ce kana ƙarnin jini. Bai daɗe da auren Turai ba, ita ma ɗiyar mahauci ce, kuma yana so ta ga ana tashi tsaye in mijinta ya iso.

Wata uku suka yi a birni. Ya ce, "Fareti aka koya mana, da yadda ake sara wa na gaba. Ranar da za mu fito aka ba kowa kaki da jar hula da ɗamara da kulki. Ita dokar da muke amsa sunanta, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga ta."

Ba a barin ɗan doka ya yi aiki a ƙasar da aka haife shi, don kada ya ji kunyar kowa. Sai aka tura shi Safana, hannun wani Saje Barau. Tsohon soja ne, gajere, mai jajayen idanu, bayanshi duk tabon bulalar da ya sha a bariki.

A watan farko aka aiki Sammani ya kamo wani manomi da ya sare itace a gandun dajin da Turawa suka shata. Ya iske matar mutumin tana naƙuda. Mutumin ya roƙe shi kwana biyu, ya rantse zai kawo kanshi. Sammani ya yarda, ya koma hannu rabbana. Saje bai yi faɗa ba. Ya sa aka tuɓe mashi riga, aka ɗaure shi a turken doki gaban sauran 'yan doka, ya zuba mashi bulala goma sha biyu da hannunshi. Da ya gama ya ce, "Wanda aka aike ka ka kawo, in ba ka kawo bayanshi ba, naka za ka kawo."

Kashegari Sammani ya koma ƙauyen, rigarshi tana manne da jini. Matar ta haihu, mutane sun cika ƙofar gida suna barka. A nan ya kama mutumin ya yi ta bugunshi da kulki har ya daina kare kanshi, sannan ya ɗaura mashi igiya a wuya ya ja shi har Safana. Daga ranar bai ƙara dawowa ba tare da wanda aka aike shi ba.

In sun fita rangadi ba a ba su guzuri. Garin da suka sauka shi ke ciyar da su, har da dokin Saje. Don haka da an hango jar hula daga nesa, mata su kife kaji da ƙwarya, a kora awaki bayan gari, maza su sulale gona. Su kuma 'yan doka sun yini suna tafiya a ƙasa, su iso su tarar da ƙofofi rufe, wani tsoho yana rantsuwa ko ƙwayar gero babu a garin. Sammani ya ce, "Mu mu zo da yunwa da haushi, su su tarbe mu da tsoro da ƙarya. Kafin a yi sallama an riga an ɓata." Amma bai ɓoye mani ba cewa aikin ya yi mashi daɗi. Dattijon da a da ba zai ba shi hannu ba, yanzu tun daga nesa yake tuɓe takalmi.

Yana shekara ta biyar a aikin, yaƙin Turawa ya yi zafi, aka fara abin da ake kira ɗiban gwamna. Kowane gari sai ya ba da maza a kai su Jos haƙar kuza na wasu watanni, ko suna so ko ba sa so. Waɗanda suka fara zuwa sun dawo da tari da kumburin ƙafa, suna ba da labarin sanyin da ke kashe mutum a tsugune. Wasu ba su dawo ba.

Yamma da Runka, a bakin daji, akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Jinjiri, da sunan mai unguwarsu. Da damina, daidai noma na biyu, takarda ta zo cewa ƙauyen zai ba da mutum takwas. Joji, wato Baturen da ke rangadin ƙasar, ya matsa wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya aika sau biyu ba wanda ya zo. Sai aka ba Saje Barau aikin. Kafin su tashi ya jera mutanenshi huɗu ya ce, "In muka dawo da bakwai, ɗaya daga cikinku ya cika."

Cikin huɗun akwai Usaini, wanda suke cin tuwo ƙwarya ɗaya da Sammani. Siririn mutum ne daga gabas, ba ya son riƙe bulala, kullum shi ake bar wa igiya. Ya daɗe yana cewa zai aje aikin ya koma noman gyaɗa.

Da hantsi suka isa. Gero ya kai gwiwa, ciyawa ta taso, ga fartanyoyi yashe a kunyoyi, ba kowa. Suka bi gida gida, ba namiji mai ƙarfi sai mutum ɗaya da Sammani ya leƙa ya gani kwance a ɗaki, kurkunu ya kumbura mashi ƙafa. Ya bar shi, don ba mai kai gurgu haƙar kuza.

Jinjiri ya fito yana dogara sanda. Ya haura shekara saba'in. Ya durƙusa ya ce, "Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya? Ya gajiyar hanya?"

Saje bai amsa ba, bai kuma sauka daga doki ba. "Ina mazan garin?"

"Ranka ya daɗe, sun shiga daji."

"Takarda ta ce mutum takwas."

"Bara shida munka ba da. Biyu sunka dawo, ɗaya mun rufe shi kahin girbi. Yanzu ga noma ya kama. In kun ɗebi takwas, wa za shi noma abin da za mu ci?"

"Ba ni na rubuta ba," in ji Saje.

Ya sa aka ɗaure Jinjiri da wasu tsofaffi uku a jikin kanyar da ke tsakiyar gari. Aka fito da mata aka durƙusar da su a rana, kowace da dutse a ka. Sannan ya zaro bulalar dorina daga sirdi ya miƙa wa Sammani.

"Fara da mai unguwa."

Sammani ya dubi bayan tsohon, ƙasusuwa duk a waje. Ya ce, "Saje, tsoho ne."

"Sai ka gaya wa Joji haka. Ko kuwa kai ke son ganin Jos?"

Sammani ya ɗaga hannu. Bulalar farko ta tsaga fatar kamar tsohon ƙyalle. Tsohon yana salati, yana salati, har muryar ta koma gurnani. Sammani ya ce ya ƙidaya zuwa ashirin, daga nan lissafi ya ɓace mashi, hannun ne kawai ke tashi yana sauka. Jini ya jiƙe wandon tsohon ya gangara ƙasa, ƙudaje suka taru. Wata mai ciki ta faɗi da dutsenta, ɗaya daga cikin 'yan doka ya tashe ta da ƙafa.

Rana ta take. Usaini ya matso kusa da dokin ya ce a hankali, "Saje, a ba su ruwa. Tsohon nan numfashinshi ya canza."

Saje ya sunkuyo ya kwaɗa mashi mari. Ya sauka, ya shiga wani gida ya ɗauko itace mai wuta daga murhu, ya cusa a jinkar rumbun Jinjiri. Kwana uku ba a yi ruwa ba, jinka ta bushe. A wannan lokaci na shekara, abin da ya rage a rumbu shi ne ran gida har sabon hatsi ya nuna. Mata suka zubar da duwatsu suka tashi suna kururuwa, aka tare su da kulake.

Hayaƙin ne ya fito da maza. Sun kai talatin, suka ɓullo ta cikin gero ba mai magana, da gatura da gorori da fartanyoyi, biyu da kwari da baka. Kibiya ta samu dokin Saje a cinya daidai lokacin da ya hau, dokin ya zabura, Saje ya rungume wuyanshi, ba a ƙara ganinsu ba. 'Yan doka biyu suka yar da kulake suka bi sawunshi.

Usaini ya ruga gindin kanya ya sunkuya yana kwance wa tsofaffin igiya, ko don ya kwantar da faɗan ne, ko don tausayi, Allah kaɗai ya sani. A sunkuyen wani ƙaƙƙarfa mai tsage a kumatu ya sauke mashi gatari a tsakiyar ka. Sammani yana kallo. Kan ya rabe, Usaini ya kife a kan ƙafafun Jinjiri, igiyar tana hannunshi.

Sammani ya jingina baya da katanga. Na farko da ya iso ya karya mashi muƙamuƙi da kulki, na biyu ya samu a haƙarƙari. Aka buge kulkin daga hannunshi, sai ya koma naushi. Yana cikin haka wata mata ta zo ta gefe ta sauke mashi taɓarya a hannun dama. Ya ji ƙarar karyewar kafin ya ji zafin, ya duba ya ga ƙashi ya ɓullo fari. Ya faɗi. Suka rufe shi da duka da shuri, bakin fartanya ya tsaga mashi cinya. Abin da ya cece shi, wutar ta tsallaka rumbu na biyu, mutane suka watse suka yi can. A wannan tsakanin ya ji an kama ɗamararshi ana jan shi a ƙasa.

Mace ce ke jan shi. Ta shigar da shi gida ta saka shi a ɗaki, sai ga shi kwance kusa da mai kurkunun nan da ya gani da safe. Sunanshi Salmanu, babban ɗan Jinjiri, matar kuma Hansai, matarshi.

Salmanu ya ce, "Hansai, mi kika jawo mana?"

"Ɗaya ya mutu gindin kanya, Malam. In wanga ya bi shi, garin nan toka za a maishe shi."

Ba a jima ba mutane suka biyo sawun jini har ƙofar ɗakin. Salmanu ya ja gindi ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙe kumburarriyar ƙafarshi ya tare hanya. Ya ce, "Sai ku taka ni."

Wani ya ce, "Shi ne fa ya bugi Baba."

"Na sani. Ina jin kowace bulala daga nan. Ubana ne, ni kuma na ce ku bar shi."

Suka tsaya suna huci, sannan suka juya. Hansai ta ja hannun Sammani ta mai da ƙashin ciki yana ihu, ta jera karan dawa ta ɗaure da tsumma. Ta ba shi ruwa a ƙoƙo ba tare da ta dubi fuskarshi ba.

Ya ce, "Na gode. Allah shi saka da alheri."

Ta ce, "Riƙe godiyarka. Ba don kai na yi ba."

Da la'asar aka ɗora shi a jaki, gawar Usaini a wani, tsofaffin mata biyu suka kora su Runka.

Jinjiri ya cika a kwana na huɗu. Bayan mako guda aka tura 'yan doka ashirin. Sun iske duk waɗanda suka yi faɗan sun kwashe iyali sun ratsa daji sun shiga ƙasar Zamfara. Aka ƙone gidajensu, aka kora dabbobin da suka rage, aka ɗaure duk namijin da aka samu. Goma sha ɗaya ne. Takwas aka wuce da su Jos, uku aka kai Safana su jira Joji. Salmanu yana cikin ukun. Kurkunun ya fita, ya fara takawa da ɗingishi. An ba shi shawara ya gudu, ya ƙi, ya ce shi yana da shaida cikin 'yan dokan kansu.

Ranar da Joji zai zauna, da safe Saje Barau ya shiga ɗakin da Sammani ke kwance da zazzaɓi. Ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba.

"Joji ba ya komawa sai da wanda ya kashe Usaini."

"Ba ya cikin waɗanda aka kawo, Saje. Na gan shi. Mai tsage ne."

"Mai tsage yana Zamfara. Kana iya zuwa ka kawo shi?"

Saje ya ci gaba.

"In ba a samu mai kisa ba, Joji zai fara tambayar abin da ya jawo faɗan. Zai ji an yi wa tsoho bulala har ya mutu. Hannun wa ke riƙe da bulalar? Ni dai ban taɓa tsohon ba, gari guda sun gani."

"Kai ka ce in buga."

"Wa zai faɗa? Ni?" Saje ya miƙe ya gyara ɗamara. "Ɗan mai unguwa yana cikinsu. An bugi ubanshi, ya ɗauki gatari. Magana ce da kowa zai yarda da ita. Kana da mata, an ce har da ciki. Ka yi tunani."

A gindin tsamiya aka zauna. Joji yana kan kujera da tebur a gabanshi, tafinta a tsaye, mutum ukun suna tsugune da ankwa, jama'a a baya, Hansai a cikinsu. Aka riƙo Sammani aka kawo. Da Salmanu ya gan shi sai fuskarshi ta saki, ya ce, "Sannu. Ya jiki?"

A lokacin Zaki ake kiran Bature. Tafinta ya ce, "Zaki yana tambaya, cikin ukun nan akwai wanda ya sari Usaini?"

Sammani ya ɗaga hannun hagu ya nuna. "Zaki, wannan ne."

Salmanu ya waiwaya ya ga ko wani ake nunawa a bayanshi. Sannan ya ce, "Ɗan doka, dube ni da kyau. Ɗakina ka kwanta. Ka ga ƙafata."

Ɗan dokan da ke riƙe da igiyarshi ya kai mashi kulki a baki, haƙora biyu suka zubo a ƙasa. Hansai ta kutso tana cewa a saurare ta, ita ta ɗaure hannun nan, aka tunkuɗa ta ta faɗi. Joji ya tambayi abin da take faɗa, tafinta ya ce matarshi ce ke kuka. Joji ya yi rubutu. Sammani ya ce mani duk zaman bai kai lokacin da ake feɗe akuya ba. Aka wuce da Salmanu birni aka yi mashi shari'a, bayan girbi aka kashe shi.

Hannun Sammani ya warke a karkace. Bayan wata biyu aka ce ba ya iya sara wa na gaba, ba ya iya riƙe kulki, ya kawo kayan sarki. Suka karɓe kaki da hula, har ɗamarar. Saje Barau kuwa aka ƙara mashi igiyar muƙami aka mai da shi birni.

Ya koma Wagini ya iske ubanshi ya rasu, mutanen gari kuma suna gaishe shi a taƙaice. Ya ɗauki Turai da jaririyarsu ya dawo Batsari, sarkin fawa ya ba shi wuri. Shekara guda yana yanke yatsu kafin hagu ta koyi wuƙa. Mutanen Runka ba sa tsayawa a rumfarshi, sai su zagaya. In 'yan doka sun shigo kasuwa, kafin su tambaya ya yanko tsoka ya miƙa masu. Na taɓa yi mashi magana a kan haka, ya ce, "Yunwa suke ji, Baduku. Na san abin da suke yi in suna jin yunwa."

Sauran kuma da idona na gani. Wata ranar kasuwa, bayan azahar, wani saurayi mai kimanin shekara ashirin ya daɗe tsaye gefen rumfar, sai da masu saye suka ragu ya matso.

"Kai ne Sammani ɗan doka?"

"Da can."

"Ni Musbahu ne, ɗan Salmanu na Gidan Jinjiri."

Wuƙa tana hannun Sammani, kuma ko da hagu ba na jin saurayin zai iya da shi. Na ga ya dube shi, sannan ya aje wuƙar a kan tebur. Musbahu ya zaro adda daga cikin riga. Saran farko ya sauka tsakanin wuya da kafaɗa, na biyu ya ɗauke rabin kunne ya tsaga kumatu. Kafin na uku mahauta suka rungume shi suka ƙwace addar.

'Yan doka biyu suka iso da gudu. Sun same shi a riƙe, ba ya ko motsi, amma suka sa aka sake shi suka fara. Kulki a ka, kulki a fuska, da ya faɗi suka hau shi da takalmi. Ina durƙushe ina danne raunin Sammani da rawanina, na ji yana cewa, "Ku bar shi. Baduku, je ka ce su bar shi." Na tashi na je na faɗa, ɗayansu ya juyo ya ba ni kulki a kafaɗa, na dawo na zauna. Kasuwa ta yi tsit, mutum ɗari suna kallo, har idon saurayin na hagu ya fashe. Sannan suka ja shi ta ƙafafu.

Sammani bai mutu ba. Wanzami ya ɗinke shi, ya yi wata biyu kwance, a nan ne nake zuwa da hantsi in zauna yana ba ni wannan labari guntu guntu. Ranar shari'a ya sa aka ɗauke shi a kan jaki har gaban alƙali. Ya ce ya yafe jininshi. Ya ƙara da cewa shaidar da ya ba da a kan uban saurayin ƙarya ce, mutumin yana kwance da kurkunu lokacin da aka kashe Usaini, kuma shi ne ma ya tare ƙofa aka bar shi da rai. Ya faɗa a gaban kowa, yana jiran a kama shi. Alƙali ya saurara har ƙarshe, ya ce waccan magana Bature ya rufe ta shekara tara da suka wuce, ba ita ke gabanshi ba. Aka ɗaure Musbahu shekara biyar. Sammani kuma aka ce ya tafi gida.

Ya dawo rumfa, wuyanshi ba ya juyawa sai da jiki duka. Ya samu labarin Hansai ta yi aure a Yasore, da Babbar Salla ya aika mata da cinyar rago. Ɗan aiken ya dawo da ita, ya ce ta tambayi wanda ya aiko, da ta ji sai ta koma ciki ta sakaya ƙofa. Bai sake aikawa ba. Bayan shekara huɗu, da damina, ciwon ciki ya kama shi, kwana shida ya rasu. Mu da mahauta muka yi mashi sutura. Ya bar Turai da 'ya'ya mata biyu.

Da shekara ta zagayo, ina ɗinkin kube, wani mai ido ɗaya ya tsuguna gaban rumfata ya miƙo takalmi ya ce maɗaurin ya tsinke. Na gane shi, shi ma ya san na gane shi. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya ce lafiya lau. Ina cikin huda fatar ya dubi rumfar da ke gabanmu, inda wani mahauci daban ke kiran masu saye.

"Ina mai wurin can?"

"Ya rasu bara."

"Ciwon saran ne?"

"A'a. Ciki ne."

Na ce mashi, "Ka ji abin da ya faɗa gaban alƙali?"

"Ina wurin," in ji shi. "Na ji."

Na gama ɗinkin na miƙa mashi. Ya sa takalmin ya taka sau biyu ya ji ya zauna, ya yi mani sallama, ya bi hanyar Yasore.